Agogon Mai Jan Kunne

Wasiƙar ta zo ran Laraba da hantsi,
ina duƙe kan agogon bango a rumfata ta Fagge.
Rubutun mace ne, siriri kamar sawun kiyashi.
Jikana Hamisu ya karanta, ni ina goge tabarau:
Fargus ya riga mu gidan gaskiya.

Mai Jan Kunne muke ce masa,
don ranar Kano ba ta ga komai a jikinsa ba sai kunne.
Da ƙuruciya ya zo, yana awon ruwa a Challawa.
Na kira shi ɗan Ingila, ya ɗaure fuska:
"Sikotlan, Tanimu, Sikotlan!
Kai za ka yarda a ce maka Bazazzagi?"

Agogonsa ne ya tsaya, shi ya haɗa mu.
Na buɗe, na hure, na ɗiga mai.
Ya sha fura a benci na, ya yi santi,
ya iya sannu, ya iya ina gajiya,
amma har ya tafi ƙwarya korya yake ce mata.

Ɗan masunci ne, daga wani tsibiri
inda ruwan sama ba ya jiran damina.
Can ya koma. Sai wasiƙu, shekara biyu, ɗaya.
Ya tsaya takarar kansila, ya sha ƙasa,
ƙuri'a arba'in da ɗaya ce tsakani.
Na aika masa: ɗan kokawar da bai ci ƙasa ba
bai san nauyin kansa ba.
Ya sake tsayawa. Ya bi gida gida cikin sanyi
har takalmi biyu suka mutu a ƙafarsa.
Daga kansila sai majalisa,
daga majalisa sai ga hoto:
minista ne, mai kula da jiragen fito da tsibirai,
ya ɗaura zanen ƙasarsu mai gida-gida, gwiwa a waje.
Ladidi ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.
Ni wuyan hannunsa na duba.
Agogon nan ne dai.

Ba waliyyi ba ne, kar ku ɗauka.
Ya gina wata tashar jirgi da ta ci kuɗi ta ƙoshi,
igiyar ruwa ta kwashe rabinta.
Da bakinsa ya rubuto: "Na ƙi jin masu sani."
Yana da zafin kai, abokai sun ragu.

Sai shekarar da gwamnati ta ce
jirgin wani ƙaramin tsibiri asara ne, a tsayar.
Mutum sittin ne a can, da tumakinsu, da makaranta ɗaya.
Shi kuwa ya taɓa tsayawa a gabansu ya ce ba za a yi ba.
Ya ajiye makullin ofis a kan tebur,
ya sallami direba, ya bi layin bas.
Jaridu suka ce taurin kai.
Zaɓe na gaba ya faɗi.
Jirgin ma an tsayar, bai hana komai ba.

Na karanta wa 'yan rumfa wannan,
Ɗan'azumi tela ya ce wauta ce,
wa ke sauka daga kan raƙumi don alkawari?
Na nuna masa kwalbatin layinmu,
zaɓe huɗu ke nan ana rantse mana a kanta.

A ƙasan ambulan akwai ƙunshin auduga.
'Yarsa Morag ta ce shi ya bar wasiyya:
mutum ɗaya ne ya san cikinsa.
Ya tsaya a huɗu da minti ashirin.

Idona ya yi hazo, hannuna na rawa.
Hamisu, riƙe min fitila, matso da ita.
Na buɗe, na hure, na ɗiga mai.
Na kara a kunne. Shiru.
Sai can, a hankali, ya ɗauka.
An kira la'asar a masallacin Fagge,
na saita shi da lokacinmu.