Ranar da Aka Buɗe wa Tumaki Ƙofa

Shekara talatin da ɗaya ina kora tumaki
ta bayan shingen Eulogio, a tuddan Andalus,
bai taɓa ce mini shigo ba.
Gonarsa ta zaitun fes, kamar ɗakin da ake jiran baƙo,
ko tsinke ba ka gani a gindin itace.
Masu wucewa har cire hula suke yi:
ga manomi, ga mai tsafta.

Sau huɗu a shekara garma ke tsaga ta.
Da man tarakta ya yi tsada sai ya koma feshi,
tanki a baya, ƙyalle a hanci.
Kwana goma, kore ya zama ruwan toka.
Makwarwa ta kwashe 'ya'yanta ta bar masa wurin,
buzuzu ma ya nemi wani gari.
Ni dai na san kyan ɗan maciji ne,
amma wa ke tambayar makiyayi?

Mu nan da sanyi ruwa ke zuwa.
Wata Nuwamba ya kwana yana zuba
a kan fako, bai sami mai riƙe shi ba.
Da safe rabin gonar na kwance a kan titi, jar laka,
kwazazzabo ya buɗe baki tsakanin layi biyu
har zai haɗiye jaki da kayansa.
Saiwoyi a waje,
kamar haƙoran tsoho da dasashi ya guje wa.

Casilda ce ta dawo daga birni da shebur.
Rami goma ta haƙa ina kallo ta saman shinge,
tana ko ɗaya babu.
Ta damƙi ƙasar, ta kai hanci, ta ce,
"Baba, wannan ba ta wari, ba ta ƙanshi.
Taki kake ba ta kamar mai ɗura wa gawa kunu."

Ta bar ciyawa ta fito tsakanin layuka.
Ƙauye ya samu abin dariya,
Eulogio ya yi wata bai leƙa shagon gahawa ba.
Shekarar farko mai ya ragu,
don ciyawar ta sha ruwan Afrilu tare da itatuwa.
Ya ce, "Ai na faɗa miki."
Ba ta musa ba. Ta rubuta kwanan watan a bangon rumbu.

Maris na zagayowa sai ga ta a ƙofar garkena:
"Nicanor, kawo su,
amma ban da ranar da ƙasa ke jiƙe, kofato na danne ta,
kuma ka tsare mini ƙananan rassa."
Tunkiya ɗari da arba'in suka shiga
ta ƙofar da na sani da kwaɗo tun ina saurayi.
Suka aske ciyawar, suka bar saiwa,
suka biya kuɗin abinci ta baya.

Bana shekara ta shida.
In ka taka, ƙasar na ɗan lotsawa kamar burodi.
Ruwa in ya sauka yakan tsaya ya yi gaisuwa
kafin ya shige ciki.
Kwazazzabon na nan, bai cike ba,
kaurin yatsa ɗaya na ƙasa
ya fi ƙarfin kwanakin da suka rage mana, ni da shi.

Jiya na iske tsohon durƙushe, gwiwa na ƙara,
ya ɗaga ruɓaɓɓen ganye,
tana na murɗawa a tafin hannunsa.
Ya daɗe yana kallonta.
Ya mayar da ita, ya lulluɓe kamar mai rufe jariri,
bai ɗago kai ba ya ce,
"Gobe ka fara da layin gabas, can ta fi tsawo."