Bashin Hanta

Shekara ashirin da biyu a Tudun Wada
ina feshin fenti a jikin mota.
Tina na shaƙa, fetur na zuƙa da tiyo,
da dare farasitamol uku, in kwanta.

Ban san da masu tsayuwa a cikina ba
sai da ido ya rine, jiki ya ƙuntata.

A Shika Dakta Uwani ta ɗebi jinina,
ta ɗaga takarda a haske ta karanta.
Ta ce: Sallau, ka san kana da ma'aikata?
Na ce yaro ɗaya gare ni, Ɗanliti,
shi ma rabin yininsa yana wurin mai shayi.
Ba ta yi dariya ba. Ta ce: Cikin hanta.

Inzayim sunansu, ido bai ganin su.
Guba in ta shigo, wasu su farfasa ta,
to a wajen fasawar tartsatsi ke tashi,
ɗan mitsitsi, amma abin da ya taɓa ya ɓata.
Sai na biyu su cafke shi tun yana ja,
su ɗaura masa dabaibayi, su kashe wuta,
su miƙa wa ruwa ya tafi da shi;
fitsarinka na asuba, nan ne mafita.

Haka suke a akuya, haka a ɓera,
haka a saniyar da kake shan nononta.
Amma igiyar ɗaurin tana ƙarewa, Sallau,
kai kuma kullum kana ƙara musu dauɗa da ƙazanta.

Ni da ke rigima kan ɗari biyar ɗin faci,
ashe tun ina goye ake min aiki kyauta.
Ba su taɓa cewa oga a sallame mu ba,
ba Juma'a, ba Sallah, ba su san hutu ba,
ni ko sannu ban taɓa furta ba.

Jiya na bi ta Kwangila bayan magariba,
mai tsire ya kira ni da suna:
Yau akwai taka, mai laushi, in yanka?
Na tsaya ina kallonta a kan wuta,
baƙi-baƙi, shiru, tana tsatsar da mai.
Na ce bar shi, Mamuda, sai wata rana.

Da kuɗin na sayi takunkumi biyu.
Ɗanliti ya ce nasa na matse masa hanci.
Na ce sa shi haka nan. Akwai masu son su huta.