Lissafin Tukunya

Wata ya yi kwana arba'in da uku,
albashi bai gane hanyar Garin Malam ba.
Ni ɗan kwantiragi ne, mushen lissafi:
da safe in koya wa yara rabawa,
da azahar in tsuguna bakin murhu
in koma ɗalibin Iya Yagana.

Ta ce, zazzage aljihun.
Dala ɗari da talatin, maɓalli ɗaya, guntun alli.
Ta ture allin da ɗan yatsa:
wannan ba ya dahuwa.

Je ka Kasuwar Dole, kada ka tsaya bakin ƙofa,
na bakin ƙofa har inuwa suke sa wa kuɗi.
Shige ciki, wajen Tsahiru mai awo,
ka ce waken bara, mai ƴan huda,
ƙwaro ya ci rabonsa ya rage mana farashi.
Shinkafa karyayya, ba biki za mu ba.
Gabu na dala biyar, kanwa ta biyu,
daudawar ɓatso, barkono,
man gyaɗa ko na jiƙa leɓe.
In ka iso layin mahauta ka dubi takalminka.

Famfo ya kwana uku yana tari ba ruwa.
Bido guda muka saya wajen ga-ruwa,
shi ma sai da ya yi aiki uku:
ya wanke wake, ya wanke kwano,
ya ƙare gindin zogalen bayan ɗaki.

Wake ne ke fara shiga, in ji ta,
dattijo ne, ba a yi masa gaggawa.
Jefa masa kanwa kamar ƙwayar gero biyu
ya sauke girman kai.
Itace uku kawai. Ja na huɗun waje,
wuta ba ta san gobe ba, kai ka sani.
Sai ka matsa ƙwaya ta ba da kai tsakanin yatsu
sannan shinkafa, ita ƴar gayu ce,
minti kaɗan ta gama shiri.

A ƙaramar tukunya kuma yakuwa na ɓararraka
da ƙashin da muka sani tun ran Talata,
har mun kusa raɗa masa suna.
Ta murje ƙuli-ƙuli biyu a ciki,
miya ta yi kauri kamar ta gidan da ake biya kan lokaci.

Mu bakwai ne. Na riga na raba a kaina.
Sai ga sallamar Kiyari ɗan kabu-kabu
yana ture babur tun daga Birni,
bayansa ɗan ƙanensa, ido zuru-zuru.
Na matsa kusa na rage murya:
Iya, abin bakwai ba ya isar tara.
Ta ce, a allo.

Ta ƙara ludayi biyu na ruwa a miya,
ta baza garau-garau a faifai mai faɗi
don ido ya riga ciki ƙoshi,
ta zaga da mai, siriri kamar zare,
ta barbaɗa yaji mai sa a nemi randa.
Aka ci. Yaron har ya lashe gefen hannu.
Kiyari ya yi gyatsa ya yi hamdala
ya ce gobe zai kai ni lakwal kyauta.

Na kwana ina juya abin.
Bakwai, tara, kuma ba wanda ya tashi da saura a ido.
Ina aka aro biyun?

Da asuba na fito alwala
na same ta bayan murhu, ta ba ƙofa baya,
tana kankare ƙanzon da ta jiƙa tun dare,
cokali na kuka a gindin tukunya.
Ta ji motsina ba ta waiwayo ba.
Ta ce, ni dama tun ina yarinya
ƙanzo na fi so.

Ran nan a aji na rubuta bakwai a allo
na ja layi na sa tara,
na daɗe tsaye da alli a hannu
har wata yarinya daga baya ta ce,
mushe, ba ya yi, sai an aro.
Na ce, haka ne, Zuwaira.
Sai an aro.