Baƙona Daga Fatakwal

Ladan ya sauka tasha da takarda a aljihu,
wurare bakwai, in ji shi, kafin la'asar.
Na ce Sakkwato tuwon zafi ce,
daga gefe ake faro ta.

Mun tuɓe takalma a ƙofar Hubbare.
Ƙasa ta gasa masa tafin sawu,
bai yi tsaki ba.
Ni ma na haɗiye surutuna.

A majema ya toshe hanci,
ya kuma sayi jar fata biyu ko tayi babu.
Dattijon ya dube ni,
na dubi sama.

Daga gadar Kwalkwalawa ruwa ya ja baya,
masu albasa sun bi shi har gaɓa,
wani raƙumi na tuƙa
kamar mai lissafin bashi.

Bayan isha'i ya raɗa mini,
"Ina ake jiƙa maƙoshi a garin nan?"
Na kai shi rumfar Arzika:
benci mai gurguwar ƙafa,
fura da kindirmo, ludayi biyu.
Ya sha, ya ƙara, ya ɓalle maɓallin wuya.

Takardar kuwa, da sauran wurare huɗu a jikinta,
da ita muka ƙunshe ragowar tsire.