Rabon Faifai a Titin Otigba

Ƙarfe goma, Otigba ta riga ta tumbatsa,
janareto na tari, masu gyaran waya na jan rigar mutane.
Teburina taku uku ne a ƙarƙashin matakala,
rabi nawa, rabi na Folarin mai caja.
Shekara shida ke nan da muka ja layi da alli.
Allin ya goge. Layin yana nan.

Sai ga Malam Sagiru daga Agege,
ya rungumo kwamfuta a buhun shinkafa.
Fara ce a da, yanzu ta yi launin haƙorin mai goro.
Ita ke riƙe masa lissafin huhu da kwarya
tun Ummita na rarrafe.
Yanzu Ummita na karatu a Yaba,
ta ce Linuks take so,
shi kuwa ya ce ko a kabari a bar masa Windonsa.
Ya ajiye sabon faifai, giga ɗari biyar,
ya ce, raba mana, kada ka raba mu.

Na ɗaura, na kunna.
Tsohuwa ta yi gyaran murya, ta leƙa ciki,
ta ce ɗari da talatin da bakwai ta gani.
Sauran fa? Ko oho.
Malam ya dafe ƙirji, an cuce ni ke nan?
Na ce faifanka cikakke ne,
idonta ne bai kai ba.
Lokacin da aka ƙera ta, nan ne iyakar duniya.

To, ba a yi wa tsoho gardama da nisa.
Ƙofofin biyu za mu gina a gaba,
inda take iya gani da asuba.
In 'yan gida sun farka,
su za su zaga bayan gida da ƙafarsu.

Kafin wuƙa, na kwashe kayansa gefe.
Sunaye na wucewa a allo:
Ɗanlami Sabo, huhu biyu, bai biya ba.
Iya Risikat, ta biya rabi.
Malam ya ce, wannan ta rasu bara, bar ta dai a ciki.

Sittin ga Windo, shi aka fara shigarwa,
don shi in ya shiga gida
gani yake babu kowa sai shi,
har makullin zaure yake canzawa.
Arba'in ga na Ummita,
da ɗan lungu na shan iska in numfashi ya ƙure.
Ragowar na bar ta tsakar gida,
kowa ya shanya kayansa.

Ana sittin da ɗaya cikin ɗari
NEPA ta ɗauke.
Batirin ajiya ya hau kuka kamar ɗan tsako,
minti biyu gare shi, ni na san shi.
Ban ɗaga kai ba sai ga hannu
ya tsallako layin da babu alli,
Folarin ya zare cajojinsa goma sha biyu
ya miƙo mini wayar janaretonsa.
Oya, ya ce. Bai ƙara ba.

La'asar ta yi kafin baƙin allo ya fito,
layi biyu, fari a kan duhu,
da daƙiƙa goma na ƙirgawa ƙasa.
Malam ya gyara tabarau.
In ba wanda ya taɓa fa?
Na ce, na sama za ta bi.
Wa ke sama?
Na ce, wanda ka zaɓa.

Ya ɓare goro, ya ba Folarin ɓari,
ya ba ni ɓari,
ya daɗe yana kallon danfo a bakin titi.
Sa nata, ya ce.
Ni na iya jira, na iya danna ƙasa.