Akwatin Sanyi

Ni ba likita ba ne, direba ne,
shekara sha ɗaya ina murza sitiyarin asibiti.
Daga Samaru zuwa Shika tafiyar minti goma ce,
amma na ga daren da ta fi nisan Makka.

A daren ne Barau ya zo daga bayan Giwa,
Kande ta haihu, jini ya ɓalle mata.
Aka buɗe firij, ko leda ɗaya babu,
sai ƙwan fitila yana haska wayam.
Aka ce masa, "Je ka nemo mai ba ka."
Ƙarfe biyun dare, wa ya sani a Zariya?
Wani ya tare shi a bakin get, ya yanka kuɗi,
ya zazzage aljihu, bai kai rabi ba.
Da asuba ni na mai da su gida,
ita a baya, lulluɓe da zanen da ta zo da shi,
jaririyar a cinyar kaka.
Ban kunna rediyo ba har muka sauka.

Sai wata malamar jami'a, Dakta Asabe Jatau,
gajeruwa, mai saurin magana,
ta ce, "Ga samari can suna buga ƙwallo,
jini na tafasa a jikinsu,
ga firij nan a bushe.
Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba."
Aka zauna, aka yi ta musun kuɗin fetur,
jami'a ta ce asibiti, asibiti ya ce jami'a,
wata uku takarda na yawon ofisoshi.
Daga ƙarshe: su rumfa da ɗalibai,
mu leda, allura da ƙanƙara,
ni kuma in ɗauka.

Ranar Laraba a gindin darbejiya,
Ɗanlami ɗalibin injiniya, ƙato kamar rumbu,
ya ga allura ya runtse ido,
ya karanto duk addu'ar da ya haddace.
Rifkatu a gadon kusa da shi tana dariya,
ledarta ta kusa cika.

Wani ya ce, "Mun ji sayarwa kuke yi."
Dakta ba ta yi fushi ba, littafi ta buɗe:
ga lamba, ga rana, ga ɗakin da ta shiga,
wannan ɗakin haihuwa, wannan yaro mai sikila,
wannan ɗan acaɓa da tirela ta make a Kwangila.
Ya yi shiru, ya naɗe hannun riga,
ya ce, "To, zo ka caka."

'Yan kwamfuta suka jera sunaye,
kowa da rukunin jininsa da lambar waya.
Firij ya fara ramewa, saƙo ya tafi,
kafin la'asar ka ga layi.
Amma da aka yi dogon hutu, ɗakunan kwana suka watse,
muka koma ƙirga leda da yatsun hannu ɗaya.
Sai aka bi masu gadi, masu shara, masu dafa abinci.
Ni ma, da furfurata,
na kwanta ina kallon ganye,
ina jin kunyar shekarun da na yi ina dakonsa
ban taɓa cewa ga nawa ba,
sai dai in tuƙa, in ajiye, in ce sai haka.

Yau leda ashirin da uku.
Akwatin na kujerar gaba, na ɗaura masa bel,
duk ramin hanya sai na lallaɓa shi
kamar mai ɗauke da ƙwai.
Idan na hango titin da ya miƙe Giwa
nakan lissafa: yarinyar ta kai shekara huɗu.
Ban san sunan da aka raɗa mata ba.
Waya na ƙara, ɗakin tiyata ne.
Na ce su shirya, ga ni a get ɗin Shika.