Girkin da Ba Hayaƙi

A fadamar Kwalkwalawa, da hantsi,
Baba Jabbi ya ɗaga tsohon daro
wanda ya manta a kife kan kunyar wake
kwana tara, tun ran da injin ban-ruwa ya ƙi tashi.
Abin da ke ƙarƙashi ya yi fari fat,
dogo, siriri,
kamar wanda ya tashi daga doguwar jinya.

Ya ce, "Ige, ke da kika yi boko,
mi yas same shi?
Ruwa ya sha, taki ya samu."
Na ce, "Baba, yunwa ce."
Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi.

To, zauna kan daron in ba ka labari.
Kowane ganye madafi ne,
ba murhu, ba tukunya, ba mai hura wuta.
Saiwa ke zuwa ɗibar ruwa,
ta miƙo shi sama ta cikin kara
shiru, ba guga, ba igiya.
A bayan ganye akwai ƙofofi
da ido bai isa ya gan su ba;
ta nan iskar da muka fitar take shiga,
wadda ni da kai da jakin Modi
muka gama da ita, muka yar.

Korayen nan da kake gani ba ado ba ne.
Tarko ne.
Shi ke cafke hasken rana
ya tsaga ruwa da shi gida biyu,
ya haɗa rabi da iskar nan tamu,
sai ga sukari.
Abin da ya saura ya turo mana waje,
shi muke shaƙa,
kyauta, ba a taɓa aiko mana da lissafi ba.

Ka kife daro, ka kashe wutar girki.
Waken ya cinye guzurin da ya zo da shi,
ya yi ta miƙa wuya cikin duhu
yana neman ko da tsaga ce.

Baba ya yi shiru.
Ya dubi ranar Sakkwato,
wadda ya shekara sittin yana yi wa tsaki,
mai ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmin roba,
mai mayar da ruwan buta shayi.
Ya tono albasa guda, ya kakkaɓe,
ya auna nauyinta a tafinsa.
"Wannan fa?"
Na ce, "Rumbu ne. Ganye ya dafa, ya ajiye a ƙasa."
"Buhunan da muke lodawa zuwa Kudu?"
"Rana ce, Baba, aka ɗinke wa baki."
"Tuwon daren jiya?"
"Ranar bara ce."

Bai ce na yi gaskiya ba.
Ba ya faɗin haka ga kowa.
Ya dai ɗauke daron ya kai gindin giginya.

Kwana uku muka dawo.
Waken ya fara kore daga gefe,
a hankali, kamar mai jin kunya.
Baba ya tsaya a kansa yana kallo,
sai ya lura inuwarsa ta rufe shi.
Ya ja da baya taki biyu,
ya ce, "Gafara dai,
ci gaba da aikinka."